Ƙungiya Sha Biyar, Ɗaya Ta Yi Yawa

Malama Darlene, ki taimake ni, saura kwana tara mu buɗe kakar wasa kuma jadawalina ya rikice.

Shekara goma sha ɗaya ke nan ina shugabantar gasar besbol, ƙwallon nan da ake duka da sanda, ta kwamfuta a nan Toledo. Mu sha shida ne, kowa da ƙungiyarsa, kowa ya turo mini jerin 'yan wasansa ran Laraba, ni in sa kwamfuta ta buga wasannin mako. Bana Duane ya yi fushi ya fita, ni kuma cikin haushi na goge ƙungiyarsa ƙurmus. Muka koma sha biyar. Tun daga nan kwamfuta ta haukace. Kullum sai ƙungiya ɗaya ta rasa abokin karawa, wata ta yi wasa ashirin da shida a jere a waje, wasan ƙarshe kuma ya wuce lokacinsa ya faɗo tsakiyar Disamba.

Na ga mafita: a cire mutum ɗaya. Lyle nake nufi, wan matata. Tun da ɓarin jikinsa ya shanye da hannu ɗaya yake latsawa, jerinsa ba ya zuwa sai Juma'a. Kunkuru muke ce masa, shi ma yana dariya, ko da yake da bakin nan nasa da ya karkace ba a gane dariya ce ko kuka. Matarsa ta ce gasar ce kaɗai ke tayar da shi daga gado. To ni asibiti na buɗe? Bara ma sa'a ce kawai ta sa ya cinye ni a wasan ƙarshe ya ɗauke kofi.

So nake in ce masa kwamfuta ce ta zaɓi ƙungiyarsa da kanta. Yaya zan tsara maganar don kada matata ta gane, kada kuma bikin cin talotalo da iyali ke haɗuwa a Nuwamba ya lalace?

Shugaban Da Ya Gaji

Shugaba,

Matsalar jadawalinka ta minti goma ce. 'Yan besbol kusan kullum suke wasa, don haka adadin ƙungiyoyi dole ya zama cika, mai rabuwa biyu daidai. Ka dawo da kwafin gasar da ka ajiye kafin ka goge ƙungiyar Duane, ka miƙa ta ga kwamfuta ta riƙa ja. In ba ka yi ajiya ba, ka ƙirƙiri sabuwar ƙungiya, ka sake fitar da jadawali kafin ranar buɗewa. Wanda ya shekara sha ɗaya a kan kujerar nan ya san wannan sarai. Ba gyara ka zo nema ba, ƙarya kake so in goge maka ta yi sheƙi.

Na yarda jira har Juma'a da ciwo, kuma mutum sha huɗu suna da hakki. To ka mayar da ranar kowa Juma'a, ko ka ɗaga waya ran Talata Lyle ya faɗa maka jerinsa da baki. Sunan Kunkuru kuma ku ajiye shi. Kunkurun nan da hannu ɗaya ya lallasa ka, kuma abin da ke cin ranka ke nan.

In ka dage sai an koma sha huɗu, kwamfuta ba ta damu da wanda aka cire ba. Akwai wanda ya gaji, da hannunsa ya rubuto mini haka. Ka miƙa wa mai riƙe da kofi shugabancin, ka je ka huta.

Allah ya ba Lyle lafiya, ya ba shi kofin bana.

Darlene