Ƙorafi kan Asusun Rumbun Dankali da Ya Raba Ni da 'Yata

Daga:
Hajiya Adwoa Alidu,
Gida mai lamba 14C, rukunin gidajen haya na bayan Gate City Boulevard,
Greensboro, North Carolina.

Zuwa ga:
Mai Girma Darakta,
Sashen Sa Ido kan Masu Ba da Shawarar Zuba Jari,
Jihar North Carolina, Raleigh.

4 ga Mayu, 2026.

Ranka ya daɗe,

Game da: Ƙorafi a kan Malam Hardi, mai kamfanin Masauki Partners, bisa shawarar da ya ba ni wajen zaɓen asusun zuba jari na neman izinin zama, wadda ta jawo 'yata Dalila ta rasa nata izinin.

Bayan gaisuwa da girmamawa, sunana Adwoa Alidu, 'yar zangon Kumasi a ƙasar Ghana, matar marigayi Alhaji Alidu, wanda ya ƙare rayuwarsa yana dakon albasa a manyan motoci daga Nijar zuwa Kumasi. 'Ya ɗaya Allah ya bar mana, ita ce Dalila. Turancina bai wuce na gaisuwa da sayen gishiri ba, don haka da Hausa na rubuta wannan takarda, Dalila kuma za ta juya muku ita zuwa Turanci. Na roƙe ta kada ta sassauta ko kalma ɗaya, ko da ta iso wurin da ake magana a kanta.

Maigidana ya rasu a watan Nuwamba na 2022, lokacin Dalila tana karatun koyarwa a wata jami'a a nan Greensboro da bizar ɗalibai. Abin da ya bar mini wasiyya shi ne in sama wa yarinyar nan wurin tsayawa. Bayan an raba gado na sayar da motocin da suka faɗo a rabonmu, da shagona na atamfa, da gidanmu na unguwar Aboabo a Kumasi, har suka kai dala dubu ɗari takwas da shirin EB-5 yake nema. An bayyana mini cewa wanda ya zuba wannan jari ana ba shi izinin zama tare da 'ya'yansa, muddin ba su cika shekara ashirin da ɗaya ba a ranar da takardarsa ta shiga. Ni ban taɓa sha'awar Amurka ba, sanyinta ma gwiwoyina yake ci. Don Dalila na yi.

Ga ƙorafina:

1. A ranar 18 ga Maris, 2023, bayan na zo nan wurin Dalila, na zauna da Malam Hardi a ofishinsa. Na yarda da shi ne domin ɗan zangonmu ne, a wurin mahaifiyarsa muke sayen koko da ƙosai, kuma Mama yake kirana. Sharaɗi biyu na gindaya masa. Na farko, kada dukiyar marigayi ta shiga inda ake cin riba ta ruwa ko ake sayar da giya. Na biyu, takarda ta shiga kafin 9 ga Oktoba, 2023, ranar da Dalila za ta cika ashirin da ɗaya. Na miƙa masa takardar haihuwarta, ya sa ranar a wayarsa ina kallo.

2. Asusu biyu ya nuna mini, ya ce su kaɗai ke akwai, kuma duka biyun a shirye suke. Ɗaya na gina otal ne mai mashaya, bashi ake ba su da ruwa. Ɗayan na gina rumbun sanyi ne na ajiye dankali a wajen McLeansville, inda zan zama mai hannun jari, in ci riba tare da su, in faɗi tare da su. Ya ɗauke ni da Dalila a motarsa ya kai mu filin, jar ƙasa ce da katafila guda ɗaya. Duk matar da ta taɓa tsayawa a bayan mota tana kallon albasar mijinta tana ruɓewa ta san darajar ɗakin sanyi, ba sai an yi mata dogon bayani ba. A filin nan na yi hawaye, na gode wa Allah da ya ba ni hanya mai tsabta, na zaɓi rumbun.

3. Na tura kuɗin a ranar 12 ga Yuni, 2023. Daga nan duk kiran da na yi, amsarsa ita ce sati mai zuwa. Abin da ya ɓoye mini shi ne, mai zuba jari ba ya iya shigar da takardarsa sai masu asusun sun riga sun shigar da tasu a hukumar shige da fice, su kuwa masu rumbu ba su shigar ba sai a watan Disamba. Tawa ta shiga ranar 22 ga Janairu, 2024.

Ina roƙon mai girma Darakta ya dubi abin da ya faru ranar 9 ga Oktoba ɗin kanta. Domin bikin ranar haihuwar Dalila na dafa waakye, shinkafa da wakenmu na gida, na gayyaci 'yan'uwa, na gayyace shi. Ya zo da kek, ya ci faranti biyu, ya tafa wa Dalila, ya yi mata addu'ar tsawon rai. A cikin duk mutanen da ke falon nan shi kaɗai ya san cewa a wannan ranar ƙofar ta rufe. Ni na zuba masa ƙari da hannuna, kuma wannan shi ne abin da har yau nake kasa haɗiyewa.

4. Da na tambaye shi bayan bikin ko takardar ta shiga, ya tabbatar mini cewa doka tana lissafi ne daga ranar da kuɗi ya shiga, ba ranar takarda ba. Ya sa sunan Dalila a cikin takardun, ya karɓi ladan yin hakan. Muka zauna da wannan magana sama da shekara biyu, har ta gama karatu ta fara koyar da 'yan firamare da izinin aiki na wucin gadi. A ranar 10 ga Fabrairu, 2026, ambulan biyu suka iso daga hukumar shige da fice. Dalila ce ta karanta mini su, kamar yadda take karanta mini komai. Ta fara da nawa, ta taya ni murnar samun katin zama. Sannan ta buɗe nata, ta karanta shi har ƙarshe da muryar da take yi wa ɗalibanta magana, ta fassara mini cewa shekarunta sun wuce, ta koma kan duba littattafan yara.

5. Wata lauya mai suna Angelina, wadda muka je wurinta daga baya, ta binciko mana abu biyu. Akwai asusu na uku, na masana'antar kujeru, babu ruwa babu giya, kuma takardunsa sun shiga tun Janairun 2023. Malam Hardi ya san shi, domin ya taɓa kai wani iyali can. Sannan masu rumbu la'ada suke biyansa a kan duk wanda ya kawo, wadda ta fi ta masu kujeru nesa ba kusa ba, alhali ni ina zaton ni kaɗai nake biyansa. A kasuwa na girma, na san dillali yana ci ta gaba yana ci ta baya, amma namu dillalan a gabanka suke faɗa. Shi ya gane ina tsoron Allah a kan dukiyar marayu, sai ya kama ni ta nan. Ya ajiye mini otal mai mashaya a gefe ɗaya domin ya san ba zan kalle shi sau biyu ba.

6. Tun daga lokacin ba ya ɗaukar wayata. Ranar Juma'a ta wata ƙofa yake fita daga masallaci. Ya turo mini dattawa su ce in yi haƙuri, ƙaddara ce, kada in kai ɗan'uwa gaban hukuma a ƙasar mutane. Na girmama su na jira har zuwa yau. Na yi imani da ƙaddara, ranka ya daɗe, amma a gabana aka sa ranar nan a waya.

Halin da muke ciki yanzu shi ne, izinin aikin Dalila zai ƙare ranar 30 ga Yuni, makarantarsu ta ce ba ta da halin nema mata wani, kuma ta sayi tikitin 14 ga Yuli. Za ta koma Kumasi inda ba mu da gida, ɗakin baƙi na kawunta za ta sauka. Ba zan iya bin ta ba, domin in na daɗe a waje katina zai mutu, da shi kuma hanya ɗaya da ta rage za ta mutu, wato in nema mata izini a matsayin 'yata babba. Lauya ta ce wannan layin yana iya wuce shekara takwas, kuma da sharaɗin kada ta yi aure. Bara iyayen wani yaron kirki suka kawo mana goron gaisuwa, har yanzu ban san abin da zan ce musu ba. Zan zauna a garin da ban so ba in riƙe mata wuri, ita kuma ta zauna a garin da na sayar da komai namu. Zuciyata ta karye, ba ni da wata kalmar ofis da zan faɗi wannan da ita.

Saboda haka ina roƙon ofishinka mai daraja ya binciki Malam Hardi da kamfaninsa, ya tilasta masa fito da bayanin la'adar da ya karɓa, ya kuma dakatar da lasisinsa kafin wata uwa ta zauna a kujerar da na zauna. Ina roƙon a ba ni sakamakon binciken a rubuce, domin lauya ta haɗa shi da roƙon da za ta kai hukumar shige da fice. Ta gaya mini kada in sa rai sosai, ni kuma ba ni da wani wurin sa shi. Ban nemi a mayar mini da kuɗina ba. An gama rumbun, na ji dankali yana zama lafiya a ciki.

Roƙona na ƙarshe ƙarami ne. Kowace irin amsa ce, mai daɗi ko marar daɗi, a taimaka a aiko ta kafin 14 ga Yuli. Bayan wannan ranar babu wanda zai karanta mini ita a gidan nan.

Allah ya ƙara wa mai girma Darakta lafiya, ya ba shi ikon yin adalci.

Taka cikin ladabi da biyayya,

Hajiya Adwoa Alidu
(sa hannu)