Abin da Kika Kira Girma

Zuwa ga mahaifiyata, Inna Kulu,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwar ɗa ga uwarsa, da roƙon Allah ya yalwata makwancinki, ɗanki Garba ne ke rubuto miki daga ɗakinsa na nan Warra. Na san saƙo ba ya isa inda kike. A waya nake latsawa, jama'a za su karanta, wasu ma su ce kwanciya ta fara taɓa min kai. Su faɗa. Akwai maganar da na yaɓa miki a asibiti, ban janye ta ba har kika tafi. Ita ta hana ni sakat, ita kuma na zo janyewa.

Ina nan yadda kika bar ni, Inna. Daga cibiya zuwa sama Garba ne, mai tuƙa jirgin ruwa na fasinja, mai faɗa da 'yan kamasho. Daga cibiya zuwa ƙasa kuwa wani baƙo ne da aka ba ni ajiya. Matata Hajara tana juya ni duk bayan awa biyu don kada gyambon kwanciya ya kama ni, dama, hagu, dama, kamar kifi a kan banda. Tagar ɗakin tana nuna min ruwa daidai faɗin tafin hannu. Ranar kasuwa ina gane kowane jirgi da kukan injinsa, har nawa, wanda ƙanena ke tuƙawa yanzu, yana matsa masa wuta kamar mai jin haushinsa.

Kin tuna ranar da na fara fitsarin jini? Shekarata tara ko goma. Na dawo daga wanka a bakin ruwa, na tsuguna bayan rumbu, na ga ja a ƙasa. Na rugo da kuka na faɗa jikinki kina tsakiyar ƙanƙare ɓawon kifi. Kika goge hannu a zane, kika kama haɓata, kika yi dariya. "Kak ka ji tsoro, ɗana. Tsargiya ta, girma na. Kowane ɗan bakin ruwa sai ya yi ta." Ranar har kan kifi ragon ruwa kika zuba min a miya, rabon Baba. Na fita ina taƙama, na je na gaya wa abokaina ni ma na zama namiji, waɗanda ba su fara ba suna kallona da hassada.

Haka ta riƙa zuwa tana tafiya har na yi gemu. Ban taɓa haɗiyar ƙwaya ɗaya dominta ba. Wa ke zuwa asibiti don ya girma?

Bara, bayan ruwa ya fara ja, ƙuguna ya riƙe. Na ce ɗaukar buhunan shinkafar Shanga ne. Kwana uku sai ciwon ya gangara cinyoyi, tafin ƙafata na yi kamar kiyashi na yawo a ciki. Wata safiya na sauka daga jirgi, silifa ɗaya ta zame a laka, na yi tafiya har rumfar mai shayi ban sani ba. Shi ya nuna min ƙafata yana dariya, ni ma na yi. Kafin mako ya zagayo, fitsari ya ƙi fita, marata ta kumbura, na yunƙura zan tashi daga sallar la'asar gwiwoyina suka ƙi.

Ke kika fara cewa sanyi ne, aka kira wanzami ya yi min ƙaho a baya. Kawu Dantani ya ce a'a, mutanen ruwa ne, na taka musu wuri, aka yi ta turara ni har idona ya yi ja. Ba na raina ƙoƙarin kowa, ni da kaina na ce a bari a gwada na gida tukuna. Sati biyar muka ci a haka. Sai da Hajara ta ɗaure fuska, ta ce ko a kai ni Yelwa ko ta ɗauke ni a baya ta tafi da ni, sannan aka nemo mota.

A Yelwa suka saka min robar fitsari, suka ce wannan aikin na Sakkwato ne. Can likita ya ƙwanƙwasa gwiwata da 'yar gudumarsa, shiru. Ya ɗauki allura yana tsira min daga yatsun ƙafa yana hawa, yana tambaya ko na ji. Ina ganin jini na tsattsafowa, ba na jin komai, sai da ya iso cibiya na zabura. Aka auna fitsari da jini, aka ɗebi ruwan bayana, aka tura ni cikin wata na'ura mai kama da rami, ta yi ta bugun kunne tana ɗaukar hoton baya.

Likitan ba Bahaushe ba ne. Da ya ce ciwon yana cikin laka, sai ya ja kalmar, kika ɗauka lakar bakin ruwa yake nufi. "Laka? Ai cikin laka munka tashi, likita!" Har majinyacin gadon kusa da ni, wanda ya faɗo daga babur ya karya baya, sai da ya yi dariya. Likita ya nuna farar jijiyar nan da ke cikin ƙashin baya, irin wadda kike zaro mana a naman layya. Ya ce ita ke kai saƙo daga kai zuwa ƙafafu. Wani karaya ke datse masa ita, wani tarin fuka ke cin ƙashin har ya danne ta. Ni kuwa tsutsar tsargiya ce. Daga jikin katantanwa take fita, ta shiga ta fata in mutum ya shiga ruwa. Ƙwanta a mafitsara ya saba zama, shi ke kawo jinin, amma jefi-jefi yakan ɓace hanya ya sauka a laka, ta kumbura. Ya ce maganin tsutsar 'yan ƙwayoyi ne, kuma masu irin ciwona da yawa suna miƙewa in sun zo da wuri.

Da ya fita kika matso da kofin kunu. Na kawar da kai. Na ce, "Ga girman da kinka ce, Inna. Ga shi nan kwance."

Kika ajiye kofin, kika gyara min zane a kan ƙafafun da ba su san an rufe su ba. Bayan kwana biyu kika ce za ki koma gida ki dubo yara, Hajara ta zauna da ni. Na ji lokacin da kika tsaya a bakin ƙofa, na yi kamar barci nake. Taurin kaina kin san shi, a wurinki na gado.

Suka ba ni ƙwayoyin, manya masu ɗaci, da maganin sace kumburi. Aka fara gashi, ana lanƙwasa ƙafa ana miƙewa. Ina cikin wannan aka bugo waya cewa zazzaɓi ya kayar da ke, kwana huɗu kika cika. Aka yi miki wanka, aka sallace ki, aka rufe ki, ɗanki na fari yana kallon silin.

Yau wata tara da dawowata. Babban yatsan ƙafar hagu yana motsi in na tattara hankalina duka a kansa, likita ya ce kada in raina shi, amma bai yi min alƙawarin komai ba. An samo min keken guragu. Ƙofar zaure ta yi masa kaɗan, in ma an cicciɓe ni an fitar, yashi ke riƙe tayoyin. Maƙabarta tana bayan makarantar firamare, tafiyar da a da ko fura ban gama sha ba na isa. Kawu ya ce a ɗauke ni a amalanke, na ƙi. Na ce da ƙafata zan zo miki. Gaskiyar kuwa, kunyarki nake ji. Kuma har ga Allah, a can ƙasan zuciyata ina ganin ina da 'yar gaskiya.

Shekaranjiya da hantsi jikanki Nasiru ya shigo, riƙe da wando. Ya tsaya daidai kaina ya ce, "Baba, hitsarina ja na. Mutuwa za ni yi?"

Inna, wallahi bakina ya riga hankalina. Na miƙa hannu na kama haɓarsa, na ji dariya ta taso min, na ji kalmomin a kan harshena, cif yadda kika faɗe su. Kak ka ji tsoro, ɗana, girma na. Ni, da robar fitsari rataye a gefen gado. Ni da na ga hoton lakata da idona. Ba abin da nake so a lokacin illa in kori tsoron nan daga fuskar yaron, da kowace magana ta zo hannu. Da ƙyar na haɗiye ta.

Na ce ya je ya gaya wa uwarsa. Da ya fita na juya fuska bango na yi kukan da ban yi ba ranar rasuwarki. Ni da na sani, saura ƙiris na faɗa. Ke fa, da ba wanda ya taɓa gaya miki? Abin da aka ba ki kika ba ni, kika haɗa min da kan kifi.

Hajara ta kai shi asibiti a ranar. An auna shi, an ba shi ƙwayoyin, ya ci tuwo ya haɗiye yana yamutsa fuska, an ce a riƙa maimaitawa tunda ba rabuwa da ruwa za mu yi ba. Na hana shi wanka a bakin ruwa, ya ce to. Yanzu haka ina jin ihun yara daga can, na kuma tsinci muryarsa a ciki. Ba ni da ƙafar da zan je in kamo shi. Ruwan nan shi ne gonarmu, shi ne randarmu, kin fi ni sani.

Na janye maganata, Inna. Ki yafe min. Na gaya wa Kawu ya nemo amalanken, ranar Juma'a bayan an sauko za su turo ni. Ba zan jira ƙafafun ba kuma.

Allah ya gafarta miki, ya sa kabarinki ya zama dausayin Aljanna. Allah ya ba ni haƙurin wannan ɗaki. Allah ya bar wa Nasiru ƙafafunsa. Amin.

Ɗanki mai taurin kai,
Garba