Gidan Mai Tsakar Gida

Lahadi, 25 ga Fabrairu, 2024

Wayyo daɗi! Yau na ga gidana. Tunda muka zo Guangzhou muke haya a saman bene, ko turmi ban isa in daka ba sai na ƙasa sun kai ƙara. Wannan kuwa a ƙasa yake, bayan titin Guangyuan Xilu, kuma yana da tsakar gida! Ƙarama ce, amma ana ganin sama. Fenti sabo fil. Na tsaya a ciki na ji kamar ina Gwammaja. Abin mamaki ya fi na sama arha, wai 'yan China ba sa son zama a hawan ƙasa. Na ce su suka sani.

Maigida, Abban Saude, cewa kawai ya yi, “Sai an duba.”

Talata, 27 ga Fabrairu

Dillalin da ya nuna mana gidan ya ce yana da nasa mai duba gida, kyauta. Abban Saude ya ƙi, wai wanda dillali ya kawo dillali zai faranta wa. To na yarda. Na ce a kira Yaya Muntari, ɗan wan babana, aikinsa ke nan duba kayan 'yan kasuwa a masana'antu kafin a loda kwantena. Mutumin da ke gane zip ɗin jabu da ido, bango ne zai gagare shi?

Gaskiyar magana, na san ba zai ɓata mini rai ba.

Alhamis, 29 ga Fabrairu

Yaya Muntari ya zo! Ya buɗe famfo, ya kunna fitilu, ya tabbatar bayan gida bai kalli alƙibla ba. “Hafsatu, ki saya ido rufe.” Kamar in yi guɗa. Har na zaɓi labule a waya.

Asabar, 2 ga Maris

Abban Saude da taurin kai. Ya samo wata mai duba gidaje, Madam Lin, lawban ɗin ofishinsu, wato ogansu, shi ya haɗa su. Ya sa ta turo takardar shaidar aikinta, ya tambaye ta ko ta san dillalin, ta ce meyo, wato a'a, ba ta taɓa ganinsa ba. Ya kira mutanen da ta yi wa aiki. Kai ka ce aure za a ba ta. Ni kunyar Yaya Muntari nake ji, ya riga ya yi magana kuma a kawo wata a kansa?

Ba komai, ta zo ta gani. So nake a sa hannu kafin azumi.

Talata, 5 ga Maris

Garin ya tashi da laimar nan ta kowace shekara, madubi da tayil duk suna zufa. Na ce a ɗaga duba gidan, Madam Lin ta ce ai irin ranar da take so ke nan.

Ko kallon tsakar gidan ba ta yi ba. Ta durƙusa tana ƙwanƙwasa tayil da 'yar guduma, ta manna wata na'ura a bango, abu sai ƙara yake. Ta kwance murfin soket na ƙasa ta kira ni da hannu. Busasshiyar laka a ciki, wayoyin sun yi tsatsa. Abban Saude yana fassara mini: ruwan sama ya taɓa shiga har gwiwa, ta tsakar gidan yake shigowa don ta fi titi ƙasa, fentin rufa-rufa ne. Ta kalli 'yarmu Saude ta tambayi ko tana yawan tari, wai laimar gidan za ta cutar da ita.

Ban yi mata sallama ba.

Laraba, 6 ga Maris

Haushin kowa nake ji.

Alhamis, 7 ga Maris

Na kira Yaya Muntari ina jiran ya tare mini faɗa. Sai ya yi dariya: “Ƙanwata, ni ɗinki na sani. A Kano wa ke buɗe soket? Rufi muke kallo.” Ya ce in tura masa lambar matar.

Na yi kuka, ba kaɗan ba. Ina son gidan nan har yanzu.

Lahadi, 10 ga Maris

Na je sayen dabinon azumi, hanya ce ta biyo da ni ta wani gini kusa da titin Liuhua Lu. Akwai gidan sayarwa a hawa na goma sha ɗaya. Leƙawa kawai na yi. Akwai iska, rana tana shiga kicin har kan murhu, bango a bushe ƙayau, na shafa da hannuna har bayan ƙofa. Zuciyata ta fara wannan bugun nata, na ce mata ke, natsu.

Ban ce ina so ba. Ban ma faɗa wa Abban Saude ba tukuna. Na dai ɗauki lambar Madam Lin a wayarsa, na sa manhajar fassara ta rubuta mata ko tana da lokaci jibi. Na ƙara da cewa duk abin da ta gani, kada ta tausaya mini.