Beben Lambun Baba Inuwa Ya Yi Magana

Gyaɗi-Gyaɗi, Kano
Oktoba, 1974

Zuwa ga ɗana Ɗan'azumi,

Gaisuwa mai yawa da addu'ar Allah ya tsare mini kai a Inugu, ya sa ka gama bautar ƙasarka lafiya. Mu nan lafiya lau, sai ƙafata da ke taɓa ni in an yi ruwa. Yayarka Hadiza ta yaye ɗanta Haruna, yana ta rigima. Ka yi haƙuri da rubutuna, da hannuna na yi. Malamarmu ta yaƙi da jahilci ta ce baƙaƙena kamar sawun kaji, amma wannan magana ba ta gaban mai rubuta wasiƙa a bakin gidan waya ba ce.

Ka san Bebe, mai ban ruwa a lambun Baba Inuwa, wanda kuke tsokana in kun zo hutu yana ba ku karas. Na daɗe ina ganin abin da ban gane ba. Wata rana guga ya suɓuce mini a bayansa, na ga ya zabura, alhali an ce ba ya ji. Kuma duk ƙarshen damina sai ya share gindin tsamiyar bayan lambu ya wuni can bai ci komai ba. Na taɓa tambayar marigayi babanka, ya ce in bar bawan Allah da halinsa. Tun da ka tafi kuwa, in ya kawo alayyahu zaure sai ya ƙi tafiya, yana ta kallon bakina.

Ran Talata da hantsi ina zaure ina yi wa maƙwabciyarmu Uwani ƙorafi cewa an kai mini ɗa ƙasar da ban san kowa ba, ban san me kake ci ba. Da ta shiga gida sai na ji murya a bayana, a dishe, ana tambayata wane gari aka kai ka. Na waiga, ba kowa sai Bebe. Ɗan'azumi, sai na zauna a dakali ina salati. Shi ma ya durƙusa yana kuka, ya ce in yafe masa, Hausarsa ce ta yi tsatsa.

Ashe Ibo ne, sunansa Obiajulu. Kafinta ne, shi da ƙanensa Chike suka zo yin rufin kwano a Tarauni shekarar da aka yi tashin hankalin nan kafin yaƙin basasa, kana makarantar kwana. Aka biyo su, aka sari ƙanen. Babanka da Baba Inuwa suka ɓoye su a rumbu, amma yaron bai kai ba, shi ne aka binne a gindin tsamiyar. Babanka ne ya ce wa Obiajulu kada ya sake buɗe baki, don harshensa zai tona shi. Na je na titsiye Baba Inuwa, ya sunkuyar da kai ya ce haka ne. Ya ce cikin waɗanda suka bi su akwai waɗanda har gobe muke gaisawa da su a layin nan, suna sayen latas a hannun mutumin. Bai faɗi suna ba, ni ma ban tambaya ba. Tun ranar nake kallon unguwar nan tamu mai shiru kamar ban taɓa zama cikinta ba.

Na tambayi Obiajulu me ya hana shi komawa gida da aka gama yaƙi. Ya ce ran da za su taho ya yi wa uwarsu alkawarin zai mayar mata da autanta, to da wane ido zai dube ta. Na ce masa bai san uwa ba. Wadda ta rasa biyu, in aka mayar mata da ɗaya ba za ta tsaya tuhuma ba. Sannan ya ce in tana raye a gaya mata.

To ga aikinka. Garinsu Udi, ya ce ba nisa da inda kake. Sunan uwar tasa Nkiru, tana sayar da manja a kasuwa, tana da tabon ƙuna a hannun hagu. Ka je da kanka ranar da ba ka aiki, ka ɗauki mai yi maka tafinta, ka durƙusa ka gaishe ta yadda kake gaishe ni. Kada ka fara da zancen tsamiya. Ka fara cewa Obiajulu yana raye, yana da ƙoshin lafiya, furfura ta fara fito masa. In kuma ka tarar ta rasu, ni za ka rubuto wa, zan san yadda zan gaya masa.

Hadiza da Uwani da Baba Inuwa suna gaishe ka. Kawunka Garba ya ce ka riƙe salla. Shi ma Obiajulu yana gaishe ka, da bakinsa. In ka sami uwarsa, ka ce wata uwa a Kano ta daɗe tana zuba wa Obiajulu tuwo ba ta san ɗan Nkiru ba ne. In ta ba ka abinci ka ci, sai hankalina ya kwanta.

Ni ce mahaifiyarka,
Ladi