Kunnen Hagu

Zuwa ga Auta,

Gaisuwa mai tarin yawa, da fatan takardar nan ta same ki cikin ƙoshin lafiya. Yaya aiki, yaya baƙunta? Ina fata masaukin da kamfani ya ba ki babu sauro. Ni lafiya ƙalau nake, sai godiya.

Mahaifiyarki ta biyo shekaranjiya. Ta ce kin gaji da aron abin kunne na matuƙa jirgi a wurin abokan aiki, kina son sayen naki, kuma kin kira ni sau shida ban ɗaga ba. Wayar ce ta tsufa kamar mai ita. Bari in ba ki amsa a rubuce, yadda za ki riƙe ta a hannu ki shiga shago.

Tunda ƙaramin jirgi mai farfela kike tuƙawa, ki sayi wanda ba ya aiki da batir. Masu batir suna da daɗi, ban musa ba, da lantarki suke kashe rugugin inji. Amma wannan toshe kunne kawai ya sani, babu abin da zai mutu miki a sama. Duk amfaninsa yana ga matashin da ke zagaye kunne, don haka ki nemi mai jel a ciki, wato ruwan nan mai kauri, ya fi na soso kwanciya a fata. A jikin kwalin akwai lambar da ke nuna yawan ƙarar da yake ragewa, kada ta gaza ashirin da uku. Ki sa shi a kai ki zauna rabin awa a shagon, ko da mai shago zai ɗaure fuska. Wanda ya matse ki a minti goma, a awa uku zai sa ki tsani sana'ar. Ki tafi da tabaran da kike tashi da shi, domin ƙafarsa in tana da kauri takan ɗaga matashin, ƙara ta samu ƙofa. Haka ma ƙullin ɗankwali. Makirufon kuma ya tanƙwaru har ya kusa taɓa leɓe.

Kin ga na koma aji ban sani ba. Wata takwas ke nan da na ajiye aiki, ban samu wanda zan yi wa lacca ba sai kyanwar maƙwabta, ita ma ina kaiwa rabi take tashi. Da hantsi nakan fito baranda in kalli jiragen makarantarmu ta koyon tuƙi suna zagaye. Daga yadda jirgi ya karkata nake gane sabon ɗalibi ne a ciki.

Ki gaishe mini da abokan aikinki.

Kawunki, kuma malaminki.

Auta 'yata,

Ina gaishe ki, ina tambayar lafiyarki da ta aiki. Takardarki ta iso tare da hoton. Yau kwana uku suna kan tebur, kullum in ɗauki biro in ajiye.

Kin rubuta cewa kin san fushi nake yi da ke, don kin ƙi tsayawa koyarwa a makarantarmu kin tafi kamfani. Wallahi ba haka ba ne. Ranar da kika samu aikin nan har mai gyaran takalmin bakin layinmu sai da na tsayar na ba shi labari.

Hoton ne ya tayar mini da hankali. Ga ki a sama, a kujerar hagu, kin ture abin kunnen ɓari ɗaya zuwa bayan kunne, kin rubuta a ƙasa wai irin na Kawu. Ni na koya miki wannan. Ni na ce matuƙin kirki da kunnensa yake jin lafiyar inji tun kafin allurar ma'auni ta motsa. Haka malamina ya koya mini, haka na koya wa duk wanda ya bi ta hannuna, ina alfahari. Shekara ashirin da bakwai ina kujerar dama, kunnen hagu a buɗe, ina sauraron inji da numfashin ɗalibi.

Ba gajiya ce ta sa na ajiye aiki ba, kamar yadda na gaya wa kowa. Gwajin likita na faɗi. An sa ni a wani ɗan ɗaki kamar akwati, aka ba ni maɓalli in danna duk lokacin da na ji sauti. Na gyara zama ina jiran a fara. Da likitar ta buɗe ƙofa sai ta ce ai an gama na hagun tuntuni.

Na hagun ya tafi, ba zai dawo ba. Na daman yana nan rabi da rabi, da wani kuka kamar na gyare da ba ya yankewa. In kin kira ina ganin sunanki yana haske a waya, ina kallo har ya ɗauke. Tsoro nake in ɗaga in ji muryarki kamar daga ƙarƙashin ruwa, in yi ta cewa ki maimaita. Na daina zuwa wurin zaman tsofaffin abokan aiki, domin na gaji da yin dariya don na ga ana yi. Mahaifiyarki ba ta lura ba, da ma ita magana take yi kamar tana kiran mutum daga tsallaken titi.

Auta, ki rufe kunnuwanki duka biyu, daga tayar da inji har kashe shi. Alluran gabanki ba ado ba ne. Inji in zai yi gardama za ki ji shi a kujera da tafin hannu, har ta cikin abin kunnen ma za ki ji. Ki je a gwada ki cikin makon nan, kada ki jira lokacin gwaji ya zagayo. Duk abin da na koya miki ki riƙe, ban da wannan. Ki yafe mini.

Kawunki.

Auta,

Sallama da gaisuwa, da fatan kina lafiya. Takardarki mai shafi huɗu ta iso. Shafi uku faɗa ne, na karanta shi sau biyu, kuma na yarda na cancance shi. Ashe halin mahaifiyarki kika ɗauko, a rubuce ma da ƙarfi kike magana.

Shafi na huɗu na fi so. Da na ga sakamakon gwajinki, kunnuwa biyu lafiya lau, sai na tashi na rasa inda zan nufa, na zaga ɗakin na dawo na zauna. Abin kunnen da kika zaɓa ya yi, kuma kin kyauta da kika canja tabarau. Matashin abin kunnen yakan taurare, ki riƙa canja shi duk shekara ko da bai yage ba.

Na ciro tsohon littafin tashina na fitar da sunayen ɗalibaina, su sittin da huɗu. Na samu adireshin goma sha tara, na rubuta wa kowa abin da na rubuta miki. Uku sun amsa. Biyu sun ce tuni suka daina buɗe kunne. Na ukun, wanda muke kira Dogo, ya ce nasa kunnen ya fara kuka tun bara, kuma bai gaya wa ko matarsa ba. Ban san me zan ce masa ba tukuna, amma zan rubuta. Sauran arba'in da biyar ina nema.

Likitan da kika ce zai gwada mini na'urar ji, zan je, ba sai kin haɗa ni da mahaifiyarki ba. Kin ce za ki zo ƙarshen wata, in ban ji ba ki maimaita ko sau goma ne. To, ina jira. Ki buga ƙofar da ƙarfi.

Shekara biyu kina zama a haguna muna tashi. Wannan karon ta dama za ki zauna. Tun jiya na matsar da kujerar baranda.

Naki,
Kawu.