Kada Ka Cire Hular

Yaya,

Na fita kafin ka tashi, ba zan iya haɗa ido da kai ba. Jiya da nake maka aski wuyan hannuna ya riƙe, injin ya zame ya kwashe maka gashi a ƙeya, faɗin cokali. Madubin duba ƙeya da na ce maka ya fashe, lafiyarsa ƙalau.

Likita ya ce fatar da ke lulluɓe da jijiyar babban yatsana ce ta kumbura, in huta da aski. Na ɓoye maka, don kai ka buɗe min shagon.

Ka yi haƙuri. Ga hulata a kan kujera. In sun ce ka saki jiki a wurin intabiyun neman aikinka na yau, ka saki, amma ban da hular.

Ƙaninka