Hoton Dogo a Bakin Matsirga

Zuwa ga Yayata abar ƙauna,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da maigidan da yara. Yaya nauyin jiki? Allah ya sauke ki lafiya.

Daga masaukin baƙi na gandun daji nake rubuto miki, don tun da muka shigo ƙofa wayoyinmu suka koma agogo. Direban da ke kawo musu kaya ya ce zai fitar min da takardar.

Kin ce kar mu biye wa Baba, to mun biye masa. Likita ya sa ranar cire masa yanar ido, shi kuma ya kafe sai ya ga matsirgar ruwan da ke kan dutsen nan tukuna. Wai abokinsa mai gyaran agogo ya shiga ɗakin aiki da ido ɗaya da rabi, ya fito babu ko ɗaya. Baba ya ce ya ƙare ƙuruciyarsa yana tsayar da mutane gaban labulen shagonsa mai zanen ruwa yana ɗaukar su hoto, bai taɓa ganin na gaske ba. Umma ta yi faɗa ta gaji, ƙarshe ta ƙulle magungunansa a leda ta damƙa min, ta ce amana. Ƙaninki Dogo kuwa ko a jikinsa. Ya saɓa jakar kyamara, ya ce shi ne jakin tafiyar, a dai riƙa ba shi abinci a kan lokaci.

Yaya, idon Baba ya fi yadda yake faɗa mana lalacewa. Ɗazu ya miƙa wa jagoran da aka haɗa mu da shi hannu, hannun ya wuce ta gefen mutumin, sai ya wayance da karkaɗe riga. Jagoran ya ce hanya hawa ce zalla, kuma dole mu bar wurin kafin hadarin rana ya haɗu. Ya tambaya ko dattijo yana gani sosai. Baba ya riga ni amsawa, ya ce har allura yana zura wa zare. Ni kuma ban ƙaryata shi ba, abin nan ya tsaya min a rai.

Gobe da sassafe za mu hau. Ki sa mu a addu'a.

Ƙanwarki,
Auta

Yayata,

Ina gaishe ki, ina fatan kuna lafiya. Ki zauna kafin ki ci gaba da karantawa. Dogo yana da rai, wannan na fara faɗa miki saboda halin da kike ciki.

Hawan ya tafi lafiya. Hanyar siririya ce, saiwoyi ko'ina, Baba ya riƙe bayan rigar Dogo yana cewa wai don kar yaron ya ɓata. Tun daga nesa muke jin rugugin ruwan a ƙirjinmu. Da muka iso sai ga wani shimfiɗaɗɗen dutse a gefen matsirgar, ruwa na faɗowa daga samanmu yana wucewa can ƙasa inda ido ba ya kai. Feshinsa ya jiƙa mu nan take. Baba ya tsaya ya daɗe, ya ce yana ganin wani farin abu yana motsi, kuma ya ishe shi. Na ga hawaye a fuskarsa, ya ce feshi ne.

Jagora ya nuna mana wani tsagi a jikin dutsen, ya ce kar ƙafar kowa ta ƙetare shi, gaba duk gansakuka ce. Sannan ya ɗan sauka duba mashigin rafin da za mu bi a komowa. Baba ya kafa kyamara. Ya ɗauke ni, ya kira Dogo.

Kin tuna yadda ake yi a shago. Tun muna yara kan Dogo ba ya shiga hoto saboda tsayi, kullum sai Baba ya kaɗa masa hannu ya ja baya. Dukanmu haka muka tashi, in hannun nan ya kaɗa sai mu ja ba waiwaye, don mun san labule ne da bango a bayanmu. Ƙarar ruwan ba ta bari a ji magana, Baba ya sa ido a kyamara ya kaɗa hannu. Dogo ya ja yana washe baki. Ni ina durƙushe ina kwance ledar magani. Hannun ya sake kaɗawa. Da na ɗago kai, babu Dogo a kan dutsen, Baba kuwa yana ta faɗa wai ina ya shige, ya dawo ya tsaya daidai.

Ban san yadda na rarrafa na isa bakin ba. Na leƙa na hango shi a ƙasa, kan wani ɗan tudun dutse da bai wuce faɗin benci ba, ƙafarsa ta dama a lanƙwashe yadda ƙafa ba ta lanƙwasuwa, jini a goshinsa. Ƙasa da shi babu komai sai kumfa. Yana ta ƙoƙarin tashi, kuma duk yunƙurin da ya yi sai santsi ya ƙara jan sa baki. Na yi ihu har maƙogwarona ya tsage, ko ɗagowa bai yi ba.

Jagora ya dawo a guje. Igiyarsa ba ta kai ba, na'urar maganarsa kuma ba ta kamawa a cikin kwazazzabon. Ya ce zai sauka ya kira mutane, mu kuma kar mu bari ya motsa, kar mu bari ya yi barci. Ya dubi sama, ban ji daɗin yadda ya dube ta ba, ya ruga.

Sai a lokacin Baba ya gane. Bai yi salati da ƙarfi ba, bai yi kuka ba. Ya kwanta rub da ciki, ya ce in riƙe ƙafafunsa, ya ja jiki har kansa ya leƙa. Sannan ya fito da muryar nan ta shago, wadda ke sa yaro mai tsala kuka ya haɗiye. Ya ce wa Dogo kar ya motsa, ya ɗago haɓarsa, ya dube shi. Yaya, wallahi Dogo ya sandare. Mutumin da bai ji ihuna ba ya ɗago kai ya tsaya cak, kamar yana jiran walƙiyar kyamara.

Haka muka zauna. Baba ba ya ganinsa, ni nake faɗa masa. In na ce ido na lumshewa, sai ya daka tsawa a buɗe ido. In na ce hannu na laluben dutse, sai ya ce a sauke hannu a cinya. Hadari ya rufe kan dutsen, ruwan ya tashi daga fari ya koma launin ƙasa, yana tafe da ganye da karare. Na ga ya fara malala kan tudun, ya rufe diddigen Dogo, ya hau ƙaurinsa. Hannuwana suka mutu a kan ƙafafun Baba, muryarsa ta dushe har ta koma kamar ana goga ƙarfe, amma bai tsaya ba. Na ji tsoron da ban taɓa ji ba. Na riga na fara tsara abin da zan ce wa Umma.

Ruwan ya kai masa ƙugu lokacin da ma'aikatan gandun suka iso da igiyoyi. Ɗayansu ya sauka ya ɗaure shi, aka jawo shi yana ihun ƙafa. A makara suka sauko da shi cikin ruwan sama, ni kuma ina jan Baba.

Yanzu muna ƙaramin asibitin bakin ƙofa, ana jiran motar da za ta kai Dogo babba. Yana amai, ya kira ni da sunanki. Ma'aikaciyar jinya ta ce kan ya fi ba ta tsoro a kan ƙafar. Na sami Umma ta wayar ofis, na ce ya faɗi kawai.

Ki yi addu'a, Yaya, ki sa yara ma su yi.

Auta

Yaya,

Gaisuwa da fatan alheri gare ki da mutanen gida. Saƙonki ya iso, kuma kar ki kuskura ki hau mota da wannan cikin.

Dogo ya dawo hayyacinsa. Hoton kai ya nuna babu jini a ciki. An sa masa ƙarfe a ƙafa, likita ya ce zai taka, sai dai ƙila da ɗingishi. Yana buɗe baki ya tambayi ladan dakonsa. Da Umma ta iso, ya ce mata shi ya yi ganganci ya taka gansakuka, ya kafe ni da ido har na gyaɗa kai.

Baba ne damuwata. Yana zaune kan kujerar roba a bakin gado, ba ya ci, ba ya magana. Jiya da rana Umma ta fita sayen magani, Dogo na barci, sai Baba ya miƙo min kyamara. Ya ce in duba hoton ƙarshe in faɗa masa gaskiya, ko bakin ramin ya fito a ciki, ko mai lafiyar ido zai gan shi.

Na duba. Dogo ne tun daga kai har ƙafa, yana dariya. Ga tsagin da jagora ya nuna can a gabansa, ga bakin dutsen a bayan diddigensa, tar kamar an ja layi da alli. Ko ɗanki na goye zai gani.

Na ce feshi ya rufe komai, ba a ganin ko ƙafarsa. Sai ya ce in kira likitan idonsa, in roƙa masa rana mafi kusa. Ya ce kuma in adana hoton da kyau, kar in taɓa shi, da kansa zai duba idan an buɗe masa ido.

An sa aikin ranar Laraba. Kyamarar tana cikin jakata, na fito da ita na mayar ban san iyaka ba. In na goge zai gane, in na bari zai gani. Ke ce babba, ki faɗa min abin da zan yi kafin ranar.

Ki gaishe min da yara.

Ƙanwarki,
Auta